Daga Bencin Ƙarshe

Masefau, 14 ga Oktoba

Ƙanwata Siniva,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Fereti, kuma ya rage cin naman gwangwani kamar yadda likita ya ce masa. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, in za a yi ruwa ita ke fara sanarwa. An yi Lahadin Yara lafiya. Yara arba'in da uku, kowa ya kawo ayarsa, ba wanda ya yi ko tari ba bisa ƙa'ida ba. Ina nan a bencina na ƙarshe a coci, da tsinken kwakwata na tsawatar wa yara a kan cinya, yadda kika bar ni tun kafin ki tafi Amurka.

Wasiƙarki ta zo a jirgin Alhamis. Na zaɓi in amsa a takarda, don a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

Kin ce ɗana Amosa ya shiga sahun manyan gwanayen ƙwallon Amurka, irin ta jifa da cafkewa da hannu, wai cikin masu tsaron baya a duk Amurka da wuya a sami uku da suka fi shi. Kin ce cocinku na Utah za ta yi masa sujadar godiya a watan Janairu, kuma in zo da tabarmar girma da mahaifiyarmu ta saƙa, a buɗe ta gaban jama'a.

Amsata a'a ce, kuma ga dalili.

Kin san tabarmar nan. Shekara biyu Mama ta yi tana tsaga ganye siriri kamar gashi, har idonta ya fara gazawa. Ta ce kada a fito da ita sai ranar da wani daga jininta ya yi abin da ya isa. Ba ta fita ranar aurenki ba. Ba ta fita ranar da muka binne mijina Tanielu ba. Ba za ta fita don masu surutu a talabijin sun ce a fito da ita ba.

Ni ba da ka nake magana ba. Ba na kallon ƙwallo ran Lahadi, kin sani, kuma har gobe ban daina jin zafin yadda ɗan da na haifa yake aiki a ranar Ubangiji ba. Amma ran Talata da yamma ana sake nuna wasan, ina zama da littafina da biro. Shekararsa ta farko, sau shida ya cafke ƙwallon da abokan karawa suka jefa. Shekara ta biyu, sau huɗu. Bana wasa biyar ke nan, ko ɗaya babu. Na yi makarantar sakandare, Siniva. Shida, huɗu, babu: wannan ba hawa ba ne, gangara ce.

Abin da ya fi damuna, ba na ma ganinsa. Su goma sha ɗaya ne a fili. Ina ƙirgawa a akwatin talabijin, tara, goma, shi ke nan. Shi yana can baya inda hoto ba ya kaiwa. Sai an gama dambarwa an kwanta a kan juna, sannan ya shigo ta gefe yana tafiya a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Mahaifinsa bai taɓa ɓuya a bayan kowa ba.

Na aiko miki da yaro ɗan shekara goma sha huɗu wanda ke hawan kwakwa kafin ya karya kumallo, yana ɗaukar kwandon gwaza biyu daga gona. Ban ce kin lalata shi ba. Amma yaron da aka saba wa katifa mai laushi da yabo safe da yamma, ba mamaki ya koma tsayawa a baya yana kallo wasu na shan wuya.

Yabo kafin lokaci guba ne. Ki gaya wa faston naku ya jira.

Yayarki,
Leitu

*

West Valley, 25 ga Oktoba

Yaya Leitu,

Mun gode Allah, muna lafiya. Fereti yana gaishe ki, ya ce naman gwangwani shi ma yana gaishe ki, don har yanzu suna tare. Sugana ya ɗan hau amma ina shan magani. Sanyi ya fara, duwatsu sun yi fari. Ki riƙa shafa man kwakwa mai ɗumi a gwiwar nan, ki daina taurin kai.

Kai, Yaya! Ke da littafinki! Da na karanta wa Fereti lissafinki sai da shayi ya sarƙe shi. Wai gangara! Mutumin da in ya shiga kantin sayayya sai an tare shi sau goma ana neman hoto? Ni ban iya bayanin ƙwallo ba, kin san ko a makaranta ke ce mai ƙwaƙwalwa, ni ce mai rawa. Abin da na sani shi ne talabijin ƙwallo yake bi, ba ɗanki ba. Sai kin zauna a filin da kanki. Duk wasan gida ina hawa jirgi in je, kujerar iyalinsa tana nan dab da fili, har numfashinsu kina ji. Sau nawa yana cewa ki zo?

Maganar katifa kuwa, na yafe miki. Shekara huɗu ina tashinsa da asuba cikin ƙanƙara in kai shi fili kafin in wuce aiki, ban ga laushi a wurin ba.

Ga shafin jarida na sa miki a ciki. Dubi hoton, ni ce nake sumbatar hular kwanonsa bayan wasan da suka ci, kalli yadda na yi ƙiba! Masu jaridar sun yi kuskure a ƙasan hoton, sun rubuta wai Amosa da mahaifiyarsa. Kin san su, duk mace mai fure a kunne uwa ce a wurinsu. Ki bar wannan, ki karanta inda na ja wa layi da jan biro. Sun tambaye shi wa ya koya masa aikin nan, ya ce: "Matar da ta raine ni. Ita ta nuna mini cewa wanda ke can baya shi ke riƙe da kowa." Yaya, da na karanta sai da na yi kuka a kicin. Ba abin alfahari ba ne wannan?

Don Allah ki sake tunani a kan tabarmar. Mata sun fara koyon waƙoƙi, an sa ranar, Lahadi ta biyu a Janairu. Yaronmu ya isa, wallahi ya isa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Siniva

*

Masefau, 3 ga Nuwamba

Siniva,

Ina fata kina lafiya. Ni ma ina nan.

Na ga jaridar. Ashe ba ni kaɗai na gani ba. Wani ya riga ya manna hoton a bangon kantin ƙauye tun makon jiya, kowa ya sani, ni ce ta ƙarshe. Ran Asabar muna share coci, matar dattijo Lauvao ta ce mini, "Leitu, ashe kin je Amurka kin dawo ba labari? Har kin yi fari kin yi ƙiba!" Mata suka kwashe da dariya. Na ci gaba da shara, don ba a yi tarbiyyata da musayar baki a ɗakin Ubangiji ba. Amma na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Kin ce kuskure ne. To, kuskuren ya yi miki daɗi, tunda har kin yanko shi kin sa a ambulan kin biya kuɗin kan sarki. Kuma don kada in tsallake, kika ɗauki jan biro kika ja layi a ƙarƙashin "matar da ta raine ni." Na gani, Siniva. Ba sai kin ja layi ba. Kika kuma tambaye ni ko ba abin alfahari ba ne. Naki ne, ki yi.

Bari in tuna miki abin da jarida ba ta sani ba. Kwana biyu na yi ina naƙudarsa. Shekara goma sha tara na yi a tsaye a kamfanin kifi ina cire ƙaya, har warin ya daina fita daga hannuna, don ya ci ya sha ya sa takalmi. Da Tanielu ya rasu na ba ki shi, ba don na gaji da shi ba, sai don a can akwai makaranta da filin da ba duwatsu a ciki. Ranar da jirginsa ya tashi ban yi kuka a filin jirgi ba, don kada ya juyo. Ke kika samu dariyarsa, da kammala makarantarsa, da ranar da aka kira sunansa aka ɗauke shi ƙungiya. Ni na samu kiran waya na minti goma.

Yanzu kuma kina so in ɗauko tabarmar uwata, in haye teku da ita, in zauna a cocinki ina tafi, a ɗaga ki a ce ga wadda ta yi aiki.

Riƙo amana ce, ba gado ba. Mace ta san iyakarta. Wadda ba ta taɓa jin zafin naƙuda ba, ko na awa ɗaya, bai kamata ta tsaya gaban masu hoto ta karɓi sunan da ba ta sha wuyarsa ba.

Game da ƙwallo, ran Talata na kalla. Wasa na takwas. Sau ɗaya ya cafke, kuma wannan ma ƙwallon ta daki hannun wani ce ta faɗo masa. Na rubuta. Ɗaya. Bai isa ba.

Leitu

*

Masefau, 8 ga Disamba

Ƙanwata,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, hanyar kan dutse ta zabtare sau biyu, an gyara. Itacen ulu ya yi 'ya'ya da yawa bana har suna faɗuwa suna ruɓewa, na tuna yadda kike son gasasshe da madarar kwakwa.

Jirgi goma ya sauka tun da na aiko da wasiƙata. Duk Litinin da Juma'a ina hawa bas in je gidan waya. Yarinyar da ke kanta ta daina jira in tambaya, daga ganina sai ta girgiza kai.

Amosa ya kira. Na ce yaya Innarka, ya ce tana nan. Na ce sugan nata fa, ya ce tana shan magani. Na ce ta je wasanku na jiya? Ya ce, "Mama, wasa uku ke nan kujerar babu kowa." Daga nan ya ce ana kiransa, ya ajiye. Bai taɓa riga ni ajiye waya ba.

Siniva, fushi da babba ba tarbiyyar gidanmu ba ce. In na faɗi abin da ya yi tsauri, ke ma kin san halina, ba yau kika fara jin bakina ba. Kuma bai dace ki hukunta yaro da laifin da ba nasa ba. Mutum yana fita gaban dubban jama'a, ya waiga ya ga ba nasa ko ɗaya, wannan ba daidai ba ne. Ki koma kujerarki.

Jiya na buɗe akwatin Mama don in duba ko danshi ya taɓa tabarmar. Lafiyarta lau, jajayen gashin tsuntsun bakinta ko ɗaya bai zube ba. A ƙarƙashinta na ga rigar baftismar da Mama ta ɗinka wa jaririnki, wanda bai zo da rai ba. Na manta tana nan. Na daɗe a zaune a ƙasa.

Na rubuta cewa ba ki taɓa jin naƙuda ba. Ni ce na riƙe hannunki a ranar. Ban san yadda biro ya rubuta abin da idona ya san ƙarya ne ba.

Ki amsa, ko da layi biyu.

Yayarki,
Leitu

*

West Valley, 13 ga Disamba

Yaya,

Muna lafiya. Na samu wasiƙunki duka biyu. Ta farkon Fereti ya so ya ƙona, na hana shi.

Ba zan yi dogon bayani ba, don in na fara ba zan iya tsayawa ba. Na sa miki tikitin jirgi, da na shiga fili. Wasan ran Asabar ne da rana, ashirin ga wata, ba Lahadi ba, saboda haka ba ki da hujja. Amosa zai tarye ki. Kujerar da ke jikin tikitin ita ce ta iyali. Taki ce tun asali, ni ɗumama miki ita nake yi. Ba zan je ba.

Ki zo da littafinki. Ki kalla da idonki. In kin ce bai isa ba, zan je da kaina in gaya wa fasto a soke sujadar, kuma ba zan sake ambatar tabarma ba har in mutu. Hukuncin naki ne, ke kika haife shi.

Ki sa safa biyu. Sanyin can ba irin wanda kika sani ba ne.

Siniva

*

Gidan Amosa, 22 ga Disamba

Ƙanwata Siniva,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, wanda ya kawo ni lafiya. Jirgi uku na hau, ƙafafuna sun kumbura kamar gwaza, amma kumburin ya sace. Safa biyu ba su isa ba. Ki gaishe da Fereti, ki ce masa da ya ƙona wasiƙar nan da bai yi laifi ba.

Ki zauna ki karanta a hankali, kuma kada ki yi dariya sai kin kai ƙarshe.

Ran Asabar aka kai ni kujerarki. Tun kafin in zauna matan da ke gefe suka fara: ina Siniva, ba ta da lafiya ne, mun yi kewar waƙarta. Wata har ta miƙo mini bargo ta ce naki ne, kin bari a wurinta. Na zauna minti goma. Ban ga komai ba sai bayan ƙattai da masu ɗaukar hoto. Na ce a raina, shekara talatin ban zauna a gaba ba, ba yau zan fara a kujerar wata ba.

Na tashi na kama matakala. Kada ki tambaye ni yadda gwiwata ta yi, sau huɗu na tsaya. Na kai layin ƙarshe, can sama inda iska ke yanka fuska. Na tarar da wani mutum ya shafe fuskarsa da fenti, na nuna masa tikitina na ce mu yi musanya. Ya duba, ya dube ni, ya ce, "Baba, kin san kujerar da kike bayarwa kuwa?" Na ce, "Na sani, tashi." Ya gangara da gudu kamar ana binsa.

Daga can na ga filin duka a shimfiɗe, mutum ashirin da biyu, ba wanda ya ɓace. Karo na farko a rayuwata na ƙirga namu har goma sha ɗaya.

Yana can baya shi kaɗai, lamba ashirin da tara. Kafin a fara kowane karo sai ya ɗaga hannu, ya nuna wa wannan ya matsa, ya tafa wa wancan ya ja baya, ƙattai da suka ninka shi suna bin yatsansa. Sai na lura da mai jifan ɗaya ƙungiyar. Kafin ya dubi mutanensa, kafin ya dubi ƙwallon ma, sai ya ɗaga kai ya nemi inda Amosa yake. Kowane karo. In Amosa ya yi taku biyu hagu, ƙwallo ta tafi dama. In ya koma dama, ta tafi hagu. Wani lokaci mai jifan ya ɗaga hannu zai jefa nesa, ya hango shi, ya sauke hannun, ya tsaya yana waige-waige har aka zo aka kayar da shi.

Na buɗe littafina. Sau talatin da ɗaya suka jefa. Sau biyu kacal ƙwallo ta nufi wajensa. Ɗaya ya doke ta ƙasa, ɗayar kuma tsoro ya sa aka cilla ta can waje inda ba kowa. Cafka kuwa babu. A lissafina na da, wannan rana ce da bai yi komai ba.

Kusa da ni akwai wani tsoho mai goyon bayan baƙin, tun farko yake gunaguni. Can ya buga cinya ya ce, "Wancan ɗan banzan mai lamba ashirin da tara ya rufe mana rabin fili! Ba wanda ke da zuciyar jefawa wajensa!" Na ce, "Malam, ka iya bakinka. Ɗan banzan nan ni na haife shi." Ya cire hularsa cikin sanyin nan ya ce, "To Baba, don girman Allah ki kira shi gida."

Siniva, a nan hannuna ya kai kan cinyata, inda tsinken kwakwata ke zama. Na tambayi kaina, yaushe rabon da in ɗaga shi in tsula wa wani yaro a coci? Na yi ta ja da baya. Shekara goma. Wanda na daka na ƙarshe Amosa ne, mako guda kafin in sa shi a jirgi. Tun daga nan ban taɓa kowa ba. Da wani zai zauna da littafi yana ƙirga dukana, da ya ce Leitu ta tsufa, ta koma baya ta ɓuya, a ba wata aikin.

Da yamma muna cin abinci na ce masa, "Wannan tsayuwa a baya da ka gaya wa 'yan jarida, Innarka ce ta koya maka?" Ya ajiye cokali ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce, "Mama, Inna Siniva ko a layin banki ba ta iya tsayawa a baya. Ke nake nufi mana. Mu a bencin gaba ba ma juyowa, amma kowa ya san inda kike. In kika matsa hagu, surutu ya koma dama. In kika yi gyaran murya, har fasto sai ya gyara tsayuwa." Na ce, "Kada ka yi wa fasto ƙarya." Ya ce, "Ki tambaye shi."

Na ce to don me ka ce wadda ta raine ka, ba ka ce uwarka ba? Ya ce, "Shekara goma sha huɗu wa ya raine ni?"

Sannan ya gaya mini abin da ke ba ki faɗa ba. Ya ce sau uku kika kira masu jaridar har sai da suka buga gyara. Ya ce a shekararsa ta farko a gidanki bakinsa ya suɓuce ya kira ki Mama, kika ce masa uwarsa tana Masefau, kada ya sake. Ya ce da kika karanta maganarsa kika yi kuka, kika ce, "Yau Yaya za ta ji cewa ba a manta da ita ba," kika tashi neman jan biro.

Ni kuwa na karanta layin nan na ga wuƙa. Ba layin ne ya karkace ba, idona ne. Shekara goma ina kallon ku biyu ta akwatin da ba ya nuna komai sai inda hayaniya take, ina rubuta abin da ban gani ba a matsayin abin da babu.

Ga hukuncina, tunda kin ce nawa ne. Ya isa. A kashi na uku na wasan ya bar wani ya zille masa a gefen fili, na gaya masa, ya amsa laifinsa. Amma ya isa.

Tabarmar tana nan tare da ni. Na taho da ita tun daga gida a naɗe cikin zanen gado, ina gaya wa kaina wai don kada danshi ya kama ta a bayana. A jirgi ban yarda an sa ta cikin kaya ba, sai da muka yi da ma'aikaciyar.

Ba zan zo in zauna a ƙofar gidanki in lulluɓe kaina da ita kamar dangin wanda ya yi kisa in sun je neman gafara ba, kada ki sa rai, ga ƙanƙara ga gwiwa. Amma na san bakina ya yi abin da ya kusa kai nan. Ranar sujadar za a buɗe ta gaban jama'a yadda kika so. Sai dai ba Amosa zan miƙa wa ba. Mama ta ce sai wani daga jininta ya yi abin da ya isa. Ba ta ce jika ba. Wadda aka ba ɗan wata, ta tashe shi da asuba shekara huɗu, ta kuma hana shi kiranta uwa alhali ranta na so, ita ma jinin Mama ce. Kada ki yi mini gardama, ni ce babba.

Sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, sarƙar furanni ta farko ni zan rataya masa a wuya, ke ki biyo baya. Na biyu, palusamin nan, ƙunshin ganye da madarar kwakwa, da kika cika masa firji da shi, da alayyafo kika yi. Na ci don kada a zubar. Kafin ranar sujada sai mun nemo ganyen gwaza na gaske, ko da za a zagaye Utah duka.

Ina zuwa ran Alhamis, jirgin rana. Ki zo ki tarye ni da kanki, kada ki turo Fereti.

Ba zan ce miki kishin ya fita ba, don ban saba ƙarya ba. Jiya ma na ga hotonki a kan teburinsa ya fi nawa girma, sai da na ji wani abu ya motsa. Yana nan. Na dai tashe shi daga inda ya ɓuya, na zaunar da shi a bencin gaba, inda zan riƙa ganin ƙeyarsa.

Yayarki,
Leitu